ABIN DA KE ƘONA ALTANETA A MOTAR DA KE DA BIYU

Ya kai mai karatu, wannan darasi an shirya shi ne domin direba, da yaron mota, da makaniki, da wanda ya zuba dukiyarsa a babbar mota yana jiran riba. Ka karanta shi a hankali. Inda ba ka gane ba, ka koma ka sake karantawa, ko kuwa ka ɗauki littafin ka tafi gareji, ka duba abin da idonka.

Ƙaramar mota altaneta ɗaya gare ta. Amma akwai motocin da ɗaya ba ta isarsu, kamar manyan bas-bas da ke kwana suna tafiya tsakanin Kano da Ikko, ko tsakanin Yamai da Agadas, da motar ɗaukar marasa lafiya, da motar kashe gobara. Waɗannan suna da fitilu da yawa, da na'urar sanyi, da fanka, da sauran kayan da ke shan wuta. Saboda haka a kan ɗaura musu altaneta biyu, wani lokaci ma uku.

To, sau da yawa irin wannan mota ta kan kamu da wani ciwo mai cin kuɗi. Altaneta ɗaya ta ƙone, a sayo sabuwa a ɗaura. Bayan wata biyu ko uku ita ma ta ƙone. A sake sayowa, ta sake ƙonewa. Mai mota ya zargi direba, direba ya zargi makaniki, makaniki ya zargi mai sayar da kaya. Hasarar kuwa ba ta kuɗi kaɗai ba ce. In wuta ta ƙare wa bas da tsakar dare a daji, fitilu su mutu, mutum hamsin su tsaya a inda ba su da mai taimako sai Allah. In motar asibiti ce, ran majinyaci ne a ciki.

Abin da mu ke so ka riƙe shi ne wannan: altanetar da ta ƙone, galibi ba ita ce mai laifi ba. Ita ce wadda aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinta. In ka canja ta ba ka binciko wanda ya ɗora mata kayan ba, ka bar jaki kana dukan taiki ke nan.

1. AIKIN ALTANETA

A shekarar 1831 wani masani a Ingila, sunansa Maikel Farade, ya gano cewa in aka motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya, sai wutar lantarki ta gudana a cikin wayar. A kan wannan sani aka gina altaneta. A cikinta akwai wani dunƙulen ƙarfe mai juyawa, wanda ya kan zama maganaɗisu in an ba shi 'yar wuta kaɗan. Kewaye da shi akwai naɗin wayar jan ƙarfe kashi uku, waɗanda ba su motsi. Inji ya ja fambel, fambel ya juya dunƙulen, sai wuta ta fito daga naɗin nan uku.

Amma wutar da ta fito tana kai da komowa ne, batir kuwa ba ya karɓar irin wannan. Don haka aka sa wasu 'yan ƙofofi a bayan altaneta, ana ce musu dayod, galibi guda 6. Kowace tana barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya, ta hana ta komowa. Akwai kuma wani ɗan abu da za mu kira madaidaici. Shi ke duban ƙarfin wuta. In ya ga ta yi ƙasa, ya ƙara wa maganaɗisu ƙarfi. In ya ga ta kai inda aka yanka masa, ya rage.

Dā motoci dinamo su ke amfani da shi. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fara fito da motar kasuwa mai altaneta tun daga masana'anta, a motarsa Valiant ta 1960. Daga nan sauran kamfanoni suka bi, domin altaneta ta fi dinamo ba da wuta lokacin da inji ke juyawa a hankali. Batir kuwa ya girme su duka, gama wani Bafaranshe, Gaston Plante, shi ya ƙago batir na darma da ruwan asid a 1859, irinsa ne kuwa ke cikin yawancin motoci har yau.

Akwai kalmomi biyu da lalle ne ka san su. Ka ɗauki wuta kamar ruwan famfo. Ƙarfin da ke tunkuɗo ruwan, shi a ke aunawa da bolt. Yawan ruwan da ke wucewa, shi a ke aunawa da amfiya. Batir shi ne randa. Altaneta ita ce mai ɗebo ruwa tana zubawa a randa. Fitilu da fanka su ne masu sha.

Ƙananan motoci da wasu matsakaita suna aiki da bolt 12. Manyan motocin da a ke kawowa daga Turai da Asiya galibi bolt 24 ne, watau batir biyu masu bolt 12 aka haɗa, na farko ya miƙa wa na biyu. Cikakken batir mai lafiya, in ya huta, ya kan nuna wajen bolt 12.6. In inji na aiki, motar bolt 12 ta kan nuna tsakanin 13.8 da 14.4, ta bolt 24 kuwa wajen 28.

2. SHANU BIYU A KARKIYA ƊAYA

Ka taɓa ganin shanun noma biyu suna jan garma? In ɗaya mai zafin nama ne, ɗaya kuwa malalaci, mai zafin naman shi ke jan garmar duka, malalacin yana biye kawai. Kafin damina ta ƙare, wanne zai rame? Mai ƙoƙarin. Manomi marar lura ya sayar da shi, ya sayo wani mai ƙarfi, ya haɗa shi da malalacin nan. Shi ma ya rame. Malalaci kuwa yana nan sumul, har a riƙa yabonsa ana cewa bai taɓa ciwo ba.

Haka altaneta biyu su ke in suna zuba wuta a batir ɗaya. Kowace da nata madaidaici. A ce na farko an yanka masa bolt 28.4, na biyu kuwa 28.0. Da zarar ta farko ta ɗaga wuta ta wuce 28.0, sai madaidaici na biyu ya ga randa ta cika, ya sa tasa ta huta. Ba za ta taɓuka kome ba sai ta farko ta kai iyakar ƙarfinta, wuta ta fara faɗuwa, sa'an nan ta ɗan sa hannu.

Ga misali da lissafi. Bas na da altaneta biyu, kowace iyakarta amfiya 100. Da dare, an kunna kome, motar na shan amfiya 140. In sun raba daidai, kowace ta ba da 70, su yi shekaru suna aiki. In madaidaitansu sun saɓa, ɗaya ta ba da 100, ɗaya 40. In kuwa ɗaya ba ta aiki sam, 'yar'uwarta ta ba da 100, sauran 40 ɗin su fito daga batir, kafin asuba batir ya ƙare.

Kada ka ce tsakanin 70 da 100 ba nisa. Zafin da waya ke yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan wuta, ya kan zarce shi. In wuta ta ninka sau biyu, zafi ya ninka sau huɗu. Ka buga 70 sau 70, ka sami 4,900. Ka buga 100 sau 100, ka sami 10,000. Ashe wadda ke ba da 100 tana shan zafi ninki biyu na wadda ke ba da 70. Zafi kuwa shi ne ajalin altaneta. Shi ke cinye fentin da ke jikin naɗin waya, ya dafa dayod, ya narkar da giris na boris.

Saboda haka, duk lokacin da altaneta ɗaya ke yawan ƙonewa, ka fara da tuhumar wadda ba ta taɓa ƙonewa ba.

3. KAFIN KA TAƁA KOME

Ka tuɓe babbar riga, ka naɗe hannun taguwa, domin fambel ba ya jin roƙo. Ka cire zobe da agogon ƙarfe. In suka haɗa kan batir da jikin mota, sai su yi ja wur kamar a maƙera. Kada ka sha taba ko ka ƙyasta ashana kusa da batir, gama yana fitar da wata iska mai kamawa da wuta. In za ka kwance waya, ka kashe inji, ka fara cire kan batir mai alamar ragi, watau wanda ke ɗaure a jikin ƙarfen mota. In ka gama aiki, shi za ka mayar daga ƙarshe.

Kayan aikinka uku ne. Na farko mita mai auna bolt. Na biyu mita mai baki kamar awartaki, wadda a ke maƙala wa waya ta faɗi yawan amfiyar da ke wucewa, ba sai an kwance kome ba. Sai dai ka tabbata irin wadda ke auna wutar batir ce, domin akwai wadda wutar gida kaɗai ta ke aunawa. Na uku littafi da fensir. Kada ka raina na ukun nan. Ga amfanin karatun da ka koya.

4. KA TAMBAYI GAWA

Kada ka yar da altanetar da ta mutu. Ka buɗe ta, za ta gaya maka abin da ya kashe ta.

In naɗin waya ya yi baƙi ƙirin duka, yana warin ƙuna, to, aiki ne ya yi mata yawa, ko iska ba ta ratsa ta.

In naɗin waya na da kyau amma dayod sun mutu, ka tambaya ko an taɓa juya kan batir, ko an cire batir inji na aiki, ko an yi walda a jikin motar.

In boris na gaba, wanda ke wajen fambel, shi ya lalace, ka dubi fambel: ko an ɗaure shi da ƙarfi ainun, ko ya karkace.

In ka tarad da baƙin mai ko gas ko ruwan lagireto a cikinta, akwai yoyo a samanta. Mai ya kan haɗu da ƙura ya zama kamar kunu, ya toshe hanyar iska, ya ɓata 'yan gawayin nan biyu da ke kai wuta ga dunƙule mai juyawa.

In kunnenta ya tsage, ko ramin ƙusa ya buɗe, mazauninta ne ke rawa.

Ka rubuta abin da ka gani, da ranar, da lambar da mitar tafiya ke nunawa, da ko ta sama ce ko ta ƙasa, ta dama ko ta hagu. In gawa uku suka ba ka labari iri ɗaya, ka kusa kama ɓarawo.

5. BATIR

Daga nan sai batir. An yi altaneta ne domin ta mayar da ɗan abin da aka sha wajen ta da inji, ta kuma ciyar da fitilu. Ba a yi ta domin ta cika randa mai huda ba.

Batir na bolt 12 ɗaki 6 gare shi, kowane ɗaki yana ba da wajen bolt 2.1. In ɗaki ɗaya ya haɗe daga ciki, batir ya koma wajen 10.5. Altaneta kuwa ba ta sani ba, sai ta yi ta ɗura masa wuta ba hutawa, shi yana zafi yana tafasa, ita tana dahuwa.

Ka raba baturan, ka cika kowane da na'urar caji, ka bar shi ya huta, ka auna shi shi kaɗai, sa'an nan a gwada shi da na'urar da ke ɗora masa nauyi. In an auna su a haɗe, mai lafiya ya kan rufa wa marar lafiya asiri. In ɗaya ya mutu, a canja su tare, da irinsu ɗaya, girmansu ɗaya. Kada a aurar da sabo ga tsoho.

Akwai wata mummunar al'ada a motocin bolt 24. Sai ka ga an jawo waya daga batir ɗaya kaɗai domin a kunna rediyo ko firji mai bolt 12. Wannan batir kullum yana cikin yunwa, ɗan'uwansa kuwa yana ƙoshi har ya yi amai. Duka biyu za su mutu da wuri. Abin da ya kamata shi ne a sayi 'yar na'urar da ke sauko da bolt 24 zuwa 12.

Kuma in ka ɗaura sabuwar altaneta, kada ka ta da mota da mataccen batir ka ce hanya za ta cika shi. Ka cika shi tukuna.

6. WAYOYI

Wuta ta kan fita ta babbar waya zuwa batir, ta komo ta jikin ƙarfen mota da na inji. Duk inda aka sami tsatsa, ko noti ya saki, ko waya ta yi siriri, wuta ta kan sha wuyar wucewa, kamar ruwa a bututun da ya toshe. Ido ba ya ganin wannan, sai mita.

Ka ta da inji, a ɗan taka shi, a kunna fitilu da fanka da duk abin da ke shan wuta. Ka ɗora tsinken mita ɗaya a kan ƙusar da babbar waya ke fita daga altaneta, ɗayan a kan batir mai alamar ƙari. Ka rubuta abin da ta nuna. Sa'an nan ka ɗora ɗaya a jikin altaneta, ɗaya a kan batir mai alamar ragi. Ka rubuta. Ka tara biyun. A motar bolt 12 kada jimlar ta wuce rabin bolt. A ta 24 kada ta wuce bolt 1. Ka yi wa kowace altaneta haka.

Ga wani abin mamaki. In altaneta biyu iri ɗaya ne sak, amma wayar ɗaya ta yi tsatsa, wacce za ta wahala? Mai kyakkyawar waya. Mai tsatsar, wutarta na taruwa a bakin ƙofa, madaidaicinta ya ga kamar an cika, ya sa ta huta. Sai kaya duka ya koma kan wadda hanyarta ke buɗe. Don haka masu ƙera motoci su kan so wayoyin biyu su zama kaurinsu ɗaya, tsawonsu kusan ɗaya. In kana neman tsatsa, ka nema har a wajen wadda ba ta ƙone ba.

Kada ka manta da ƙananan wayoyi. A altaneta da yawa akwai siririyar waya da ke zuwa daga fitilar caji ta gaban direba. Ita ke kawo 'yar wutar da ke tashe ta daga barci. In ta tsinke, ko ƙwan fitilar ya mutu, mai yiwuwa altaneta ta yi ta juyawa ba ta ba da kome, direba kuwa bai sani ba, tun da ɗayar na rufe gurbin. Wasu kuma suna da wata siririyar waya da ke zuwa batir, ta nan madaidaici ke jin ƙarfin wuta. In ta yi tsatsa, ya ji ƙarya, ya sa a yi ta tura wuta fiye da kima.

7. KA AUNA RABO

Yanzu ka zo ga babban gwaji. Inji na aiki, an kunna kome. Ka maƙala mita mai baki a babbar wayar altaneta ta farko, ka rubuta. Ka maƙala a ta biyu, ka rubuta. Ka yi haka inji na sanyi, ka sake yi bayan ya yi zafi. Ka yi yana silo, ka sake yi an taka shi.

Ba lalle ne su zo daidai wa daida ba. In ɗaya na ba da 75, ɗaya 65, ba kome. Amma in ɗaya na ba da 100 ɗaya 30, ko ɗaya ba ta ba da kome ko da an kunna kaya duka, to, ga malalacin sa ka kama.

Sa'an nan ka juya mitar bolt zuwa wajen da ke auna wuta mai kai da komowa, ka auna a bayan kowace altaneta. In ta wuce rabin bolt, ka yi zaton akwai dayod da ya mutu. Altaneta mai mataccen dayod tana iya nuna bolt daidai in ba kaya, amma da an ɗora mata nauyi sai ta gaza, ta bar 'yar'uwarta da aiki.

Ka karanta rubutun da ke jikin kowace. Shin kamfani ɗaya ne? Lambarsu ɗaya? Amfiyarsu ɗaya? Sau da yawa ciwon ya samo asali ne tun ranar da aka fara canji, aka ɗaura wadda ta shiga mazaunin amma madaidaicinta dabam. A motocin zamani kuma, akwai waɗanda kwamfutar inji ce ke ba kowace altaneta umurni ta wata siririyar waya. A irin waɗannan, sai wadda ke jin harshen kwamfutar, kuma a kan bukaci na'urar karanta kwamfuta kafin a gane laifin. In littafin motar ya ba da lamba, ka bi lambar. Araha ba ta ado.

In altanetar biyu iri ɗaya ne, akwai wata dabara. Ka musanya musu wuri, ta sama ta koma ƙasa, ta ƙasa ta koma sama, ka sake aunawa. In lalacin ya bi altaneta zuwa sabon wurinta, laifin a cikinta ya ke. In ya tsaya a tsohon wuri, laifin na mota ne: waya, ko fambel, ko mazauni.

8. FAMBEL, ZAFI DA ƘURA

Fambel da ya saki ya kan zame. Alamarsa ƙara, da sheƙi a gefensa, da baƙar ƙura a gaban altaneta. Altanetar da fambel ɗinta ke zamewa ba ta ba da cikakkiyar wuta, gogayyar kuma ta kan zafafa boris. Wanda aka ɗaure ainun kuwa ya kan ja boris gefe ɗaya har ya ci shi. Ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar gargaren inji da na altaneta, ka ga ko suna kan layi ɗaya. Ka auna faɗin gargaren kowace altaneta, gama mai ƙaramin gargare ta fi saurin juyawa, ita za ta fi ɗaukar kaya in mota na silo. Inda fambel biyu ke tafiya tare, a canja su tare.

A ƙasarmu zafi da ƙura ba baƙi ba ne. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri ya kan wuce digiri 40 a inuwa, balle a ɗakin injin bas, wanda ke can baya a rufe. Altaneta kuwa da iska ta ke sanyaya kanta. Ka duba ko tana kusa da bututun hayaƙi, ko an cire faifan ƙarfen da ke kare ta daga zafinsa. Wasu manyan motoci suna da bututun da ke kawo mata iska mai sanyi daga waje. In ya yage ko an yar da shi, a mayar. Da hunturu a riƙa hure mata ƙura da iska. Kada mai wankin mota ya feshe ta da ruwa mai ƙarfi, musamman tana da zafi.

Tsayuwa a tasha ma tana da nata. In bas ya yi awa biyu yana silo ana jiran fasinja, na'urar sanyi da fitilu na kunne, altaneta na juyawa a hankali, wutar da ta ke iya bayarwa ta ragu ƙwarai, fankarta ma ba ta jawo iska sosai, ga shi kuwa ana neman iyakar ƙoƙarinta. In motar na da maɓallin ɗaga silo, a yi amfani da shi. In babu, a rage kayan da ke kunne.

Ka kuma lissafa abin da aka ƙara wa motar bayan ta baro masana'anta: manyan fitilu, firji, talabijin, wurin cajin waya a kowace kujera. Ka maƙala mita ka ga jimlar abin da a ke sha. In ta kusa iyakar altanetar biyu a haɗe, ba gyaran da zai yi magani, sai a rage kaya ko a ɗaura manya, tare da wayoyi masu kaurin da ya dace da su.

9. ABUBUWA UKU DA KE KASHE TA FARAT ƊAYA

Na farko, cire kan batir inji na aiki wai don a ga ko tana caji. Wannan gwajin zamanin dinamo ne. In ka yi shi ga altaneta, wuta ta kan yi tsalle ta ninka, ta kashe dayod ko madaidaici, har da kwamfutar inji.

Na biyu, juya waya in ana ta da mota da batirin wata. Ƙari da ƙari, ragi da jikin inji. In aka saɓa ko na ƙiftawar ido ne, dayod sun tafi. Kada kuma a ta da motar bolt 12 da bolt 24.

Na uku, walda a jikin mota ba a cire batir ba. A cire shi, a bi abin da littafin motar ya ce game da altaneta da kwamfuta, mai walda kuma ya maƙala wayarsa ta komowa dab da inda ya ke aiki.

10. TAƘAITAWA

Ga tsarin aikin, ka kwafe shi a littafinka. Ka buɗe matacciyar ka ga abin da ya kashe ta. Ka gwada kowane batir shi kaɗai. Ka auna hasarar wuta a manyan wayoyi, na zuwa da na komowa, ga kowace altaneta. Ka duba ƙananan wayoyi. Ka auna rabon kowace da mita mai baki. Ka gwama lambobinsu. Ka duba fambel, da mazauni, da yoyo, da hanyar iska. Ka lissafa kayan da ke shan wuta. Bayan wannan duka, sa'an nan ka ɗaura sabuwa, ka sake auna rabon kafin motar ta bar gareji.

Aikin zai ci maka yini guda. Mai mota zai yi gaggawa, ya ce a ɗaura kawai a tafi. Ka nuna masa littafinka, ka nuna masa lambobin da mita ta bayar, ka lissafa masa kuɗin altanetar da ya riga ya saya. Gani ya kori ji. Makanikin da ke auna abu ya rubuta, shi a ke komowa wurinsa, shi a ke kuma aiko wa abokai.

TAMBAYOYI

1. Mene ne aikin madaidaici?
2. Don me wadda ba ta taɓa ƙonewa ba ta cancanci tuhuma?
3. Altaneta biyu, kowace amfiya 100, mota na shan 160. Nawa ya kamata kowace ta bayar? In ɗaya ta mutu, nawa zai riƙa fita daga batir?
4. In wayar altaneta ɗaya ta yi tsatsa, wacce za ta fi wahala? Don me?
5. Faɗi abubuwa uku da ke kashe altaneta farat ɗaya.